Ku daina kashe mana tsofaffin Peugeot da gam

Yau da ƴan garaji muke, kuma masu mota su ma kada su tashi, rabonsu na nan tafe.

Kowa ya san 504, wadda muke ce wa san-san-kat. A 1968 ta fito daga Faransa, a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai, daga baya masana'antar Peugeot ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1975, ta yi ta haɗa ta shekara da shekaru bayan Turawa sun bar yayinta. Yau ba inda ake ƙera ta. Kowace bashe da kuka gani ta ɗauko buhunan hatsi da tumaki ranar kasuwa, a hanyar Dakwaro ko Tanut, in injinta ya mutu ba wata sabuwa da za ta maye ta. To wallahi ba tsufa ke kashe yawancin waɗannan injuna ba. Hannu ne.

Mu ɗauki ƙaramin aiki guda: murfin saman inji da robar da ke ƙarƙashinsa, wadda ƴan garajinmu ke kira juwan, a ƙetaren iyaka su ce gaskit. Aikinta ɗaya, ta hana baƙin mai fita. Zafi da shekaru na busar da ita, ta taurare, ta tsage. Injin isansi na 504 kuwa a kishingiɗe yake zaune, don haka mai na taruwa a gefe guda, da ya samu kafa sai ya bi jikin inji yana gangarowa. In ya sauka kan bututun hayaƙi mai zafi, shi ne wannan ƙaurin da fasinja ke shaƙa tun daga tasha. Su ma buji cikin wasu bututu suke da suka ratsa murfin, kowane da tasa ƴar roba. In robar ta gaji, mai ya cika ramin, inji ya dinga tari, direba ya yi ta canza buji yana zagin mai sayar da isansi.

Me ake yi a garaji da yawa? A cire murfi, a aje shi ƙasa cikin rairayi, a bar inji buɗe iska na zuba masa ƙura. Tsohuwar roba ba a canza ta ba. Sai a ɗauko gam ɗin silikon a lafta kamar mai yaɓen daɓe, a kifa murfi, a ba yaro kile a ce ɗaure da ƙarfi. Haba maigida! Kai da ka yi shekara talatin kana wannan sana'a?

Gam ɗin da ya ɓullo ta waje kuna ganinsa, kuna gogewa da tsumma. Wanda ya ɓullo ta ciki fa? Yana nan, ya bushe, ya gutsure, mai ya kwashe shi zuwa tukunyar ƙasa, ya je ya toshe rariyar famfon mai. Daga nan mai ba ya isa inda ya kamata, ƙarfe na cin ƙarfe, wata rana tsakanin Gidan Rumji da Ƙonni inji ya kwanta da mutane cikin rana. Sai a ce ƙaddara. E, mun yarda da ƙaddara, amma wannan da yatsan mutum aka shafa ta.

Ɗaurin ƙarfin nan ma ɓarna ce. Murfin ba shi da kauri, in aka matse noti fiye da kima sai ya lanƙwashe, robar ta mitsike a wuri guda ta saki a wani. Murfin da ya lanƙwashe ko sabuwar roba goma aka sa masa sai ya yi yoyo. Gobe a ƙara gam, jibi a ƙara.

Aikin gaskiya ba wani sirri ba ne. A bari inji ya huce. A wanke kewayen murfin kafin a buɗe, a rufe injin da ƙyalle mai tsabta. A kankare tsohuwar roba tas, ba tare da an ƙarce kan injin ba, domin na alminiyom ne, ba ya son wuƙa. A ɗora murfin bisa wuri mai shafe a duba ko ya karkace, a daidaita shi. Sabuwar roba, har da na ramukan buji, sannan a ɗaure sannu-sannu, nan kaɗan can kaɗan. Tunda murfi a buɗe yake kuma inji da sanyi, lokacin ne na auna tazarar bawul. A kuma leƙa bututun numfashin inji, don in ya toshe, iskar da ta taru ciki sai ta turo mai ta kowace kafa, ko da robar jiya aka saye ta.

Mun san abin da makanikai za su ce, sun sha faɗa mana a waya: kaya babu, wanda ake samu jabu ne. Akwai gaskiya ciki. Lokacin da aka rufe iyakar Najeriya a 2023 kayan gyara sun yi wuya ƙwarai, kuma har yau akwai robar da wata guda ba ta kai wa. To ka gaya wa mai mota mana. Ka ce masa ta kirki babu, mu aika Kano a nemo a Ƙofar Ruwa, ka jira kwana uku. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne ka karɓi kuɗin sabuwa ka mayar da tsohuwa cikin gam.

Ku kuma masu mota, ba ku fita ba. Kai ne za ka tsaya kan makaniki kana duba agogo, lodi na jira a tasha, a lallaɓa maka kawai. Kana ƙyashin kuɗin roba, amma galan ɗin baƙin mai na bayan kujera, kowace safiya sai ka ɗura. Lissafa abin da ka zuba a wata uku ka gani ko bai sayi robar ba har da ladan aiki. Shi kuma yaron garaji da ke kallo, abin da ya ga an yi shi zai ɗauka sana'a, da shi zai buɗe nasa garajin.

Muna kira ga shugabannin ƙungiyoyin makanikai na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai su sa wannan magana a taronsu. Ku kuma direbobi, daga yau duk wanda aka ce an canza masa juwan, ya ce a miƙo masa tsohuwar a hannu kafin ya biya.