Idan Sitiyari Ya Kama Rawa, a Fara da Awo

A gangaren Hawan Kibo, kan hanyar Jos zuwa Akwanga, na fara jin abin. Ina taka birki sai sitiyari ya kama karkarwa a hannuna, ina ɗaga ƙafa ya lafa. Da na isa gareji, makanike ko durƙusawa bai yi ba ya ce, "Yallaɓai, fad ne, a sa sabo." Aka sa, na biya. Bayan mako biyu rawar ta dawo.

Tun daga ranar nake da ra'ayin cewa abin da ya fi cin aljihun masu mota a wajenmu shi ne sayen kaya kafin a gano ciwo. Laifin kuwa namu ne mu da makanikai baki ɗaya. Mun saba biyan kuɗin ƙarfe da muke gani da ido, amma muna ƙyashin biyan kuɗin bincike.

Birki yana tsayar da mota ne ta hanyar mayar da gudu ya zama zafi. Fad biyu suna matse faifan ƙarfe da ke juyawa tare da taya. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana zuba wa faifan zafi ninki huɗu na wadda ke gudun 50. Muddin kaurin faifan ɗaya ne a ko'ina, matsin yana tafiya sumul. Idan wani gefe ya ɗara wani, ko da da abin da bai kai kaurin silin gashi ba, duk zagayen taya sai an ture fad baya sannan ya dawo. Wannan turawa da dawowa ita ce rawar da direba ke ji, shi ya sa take raguwa yayin da motar ke rage gudu.

Akan ce faifan ya lanƙwashe saboda zafi. Sau da yawa ba haka ba ne. Abin da ya fi faruwa shi ne faifan bai zauna daidai a mazauninsa ba, saboda tsatsa ko datti a bayansa, ko saboda an ɗaure notinan taya wani da ƙarfi wani sako-sako. Sai ya riƙa gogar fad a wuri guda har wurin ya cinye. Wani lokaci kuma direba ne ya tsaya cak bayan doguwar gangara, ya danne birki a kan faifai mai zafi, fad ya bar tabonsa a jiki. Haka nan idan sandunan da kalifa ke zamewa a kansu suka bushe babu giris, fad zai ci gaba da riƙe faifan ko an saki birki.

Mai mota na iya rage wa makanike rabin aiki tun kafin ya isa gareji. Idan sitiyari ke rawa, a fara duba ƙafafun gaba. Idan a kujera aka fi jin ta, a duba na baya. Idan motar tana rawa a guje ba tare da an taɓa birki ba, maganar ta koma kan taya da balansin. Idan kuwa birkin gaggawa aka taka a kan yashi ko jiƙaƙƙiyar kwalta, feda ta riƙa bugun ƙafa da sauri, wannan na'urar ABS ce take aikinta, kuma kada a ɗaga ƙafa. Tairod ko bushin da ya mutu yana ƙara wa rawar ƙarfi, don haka a girgiza taya a gani tun motar tana kan jak.

Daga nan sai awo. A jikin faifai akwai rubutun MIN TH da lamba, wato mafi ƙarancin kaurin da aka yarda ya kai. A auna kaurin a wurare da dama a zagaye. Idan akwai sauran nama, ana iya fere shi a inji. Idan ferewar za ta kai shi ƙasa da lambar, a canza shi, dama da hagu tare, da sabon fad. Kafin a ɗora sabo a kankare tsatsar mazaunin har ƙarfe ya fito fes. Noti kuma a ɗaure shi a tsallake-tsallake, da sufana mai awon ƙarfi. Corolla, misali, Nm 103 take buƙata. Yaron mai faci da ke zura bututu a sufana ya hau da ƙafa yana wuce wannan nesa ba kusa ba.

Wani zai ce a wannan tsadar wa ke da kuɗin awo? Ai tsadar ce ma hujjata. Kankare tsatsa aikin mintuna ne. Wanda ya tsallake shi zai sayi faifai sau biyu, kamar yadda na sayi fad ɗin da ban buƙata ba. Kuma akwai abin da ya fi kuɗi: direban da birkinsa ke rawa yakan koyi taka shi da tsoro, a hankali, ranar da yaro ya faɗo titi kuwa wannan jinkirin ne zai yanke hukunci.

Nawa ciwon, da aka auna, tsatsa ce a bayan faifan dama da kalifa da ta ƙage. Yanzu idan zan gangara Hawan Kibo ina sa ƙaramin giya, inji ya taya birki riƙe mota. A gareji kuma, kafin na tambayi farashin kaya, nakan ce, "Malam, me ka auna, nawa ka samu?" Makanikin da ya iya amsa wannan shi nake bar wa makulli.