Juyawa daban, kewayawa daban

Akwai kalmomin Turanci biyu da ke yi wa ɗalibanmu na sakandare tarnaƙi a darasin labarin ƙasa, wato “rotate” da “revolve”. Yaro zai haddace su, ya rubuta su ba kuskure, amma ka tambaye shi wacce ke kawo dare da rana, sai ya yi tsuru-tsuru. Ni dai ban ga laifinsa ba, domin an ɗora masa kalma kafin a nuna masa aikinta.

Dukkansu daga Latinanci suka fito. Ta farko tushenta “rota”, ƙafar amalanke, kuma tana nufin abu ya juya a kan kansa ba tare da ya bar wurinsa ba. Ta biyu kuwa, a bakin masana falaki, tana nufin abu ya kewaye wani abu daban. Shi ya sa a jimla ba ta cika tafiya ba sai da “around” a bayanta, sannan sunan abin da ake kewayawa. Ita ta farko tana iya tsayawa ita kaɗai, tana kuma iya ɗaukar karɓau kai tsaye, kamar a ce wani ya juya taya.

Hausa ta riga ta raba wannan gardama. Fanka juyawa take yi, mai ɗawafi kuwa kewaya Ka'aba yake yi. Duniyarmu tana yin duka biyun a lokaci guda. Tana juyawa sau ɗaya cikin awa 24, daga nan dare da rana suke. Tana kewaya rana cikin kwana 365 da kusan rubu'i, kuma wannan rubu'in ne ake tarawa har Fabrairu ya kai kwana 29 duk bayan shekara huɗu.

Malam, ka soke lemo da tsinke, ka rufe tagogin aji, ka ba ɗalibi ɗaya tocila ya tsaya a tsakiya. Ka murza tsinken ɗalibai su ga haske yana barin wani gefe yana komawa wani. Sannan ka zagaya mai tocilar da lemon a hannunka. Ka bari su faɗi abin da suka gani da Hausa tukuna, kafin ka rubuta Turancin a allo.

Wannan ba ya bukatar ɗakin gwaje-gwaje ko kasafin kuɗi daga ma'aikatar ilimi. Malaman da ke horar da malamai a kwalejojin ilimi su mayar da irin wannan koyarwa wajibi, domin yaron da ya fahimta da harshensa ba ya mantawa ranar jarrabawa.