Halittun Allah: tsutsar gujiya

Jama'a manoma da makiyaya, a wannan wata za mu yi zancen wata tsutsa. Kada sunanta ya ba ku tsoro, ba ta cin gujiya, ba ta shiga gona. Cikin teku take zaune. An sa ma danginta wannan suna don in an taɓa waɗansunsu sai su dunƙule kamar ƙwayar gujiya.

Dangin suna da iri ya fi 100. Wadda aka fi sani ita ce masana suka raɗa ma suna Sipunculus nudus a shekara ta 1766. Tsawonta ya kan kai santimita 15, wata ma ta fi haka. Ba ta da ƙashi, ba ta da ƙafa. Jikinta kashi 2 ne: gangar jiki, da wani siririn wuya mai baki a ƙarshe. In ta ji motsi sai ta mai da wuyan cikin jiki, kamar yadda ake tura bakin jaka ciki. Hanjinta ya kan gangara ƙasa, ya murɗe, ya komo sama. Saboda haka mafitar kashinta tana kusa da wuya, ba a gindi ba.

Ƙasarmu ba ta da teku, kuma tsutsar ba ta zama a kogi ko tabki, sai ruwan gishiri. Ana samun ta a tekun Atlantika, da na Indiya, da na Pasifik, da Bahar Rum. Ƴaƴanta kan daɗe suna yawo cikin ruwa kafin su sauka ƙasa, ruwa ya kai su nesa. Ta fi son rairayin bakin teku, inda ruwa ke cikowa yana janyewa kowace rana. Nan take gina rami. Tana haɗiye rairayi, ta tsotse abincin da ke ciki, ta fid da sauran. Kun ga aikinta ke nan irin na tanar da ke cikin gonakinmu: tana motsa ƙasa, iska na shiga. Masana ma sun gano danginsu ɗaya da tana.

A kudancin ƙasar Sin da ƙasar Biyetinam ana cin ta. In ruwa ya janye, mutane su fita da fartanya su haƙo ta, yawancinsu mata. A wanke, a shanya, a sa a miya. Busasshiyar tana da tsada ƙwarai, gidaje da yawa da ita suke ci da sha.

To, tsadar nan ita ta jawo wahala. An yi ta haƙa, babba da ƙarama, har ta yi ƙaranci a wurare da dama. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala. A Sin har an koma kiwonta.

Wannan ba sabon abu ba ne gare mu. Wanda ya sayar da irin gujiyarsa da rani, me zai shuka da damina? Masunci mai kwashe ƴan ƙananan kifi a tabki, me zai kama baɗi? Ku tattauna wannan a wurin karatu.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.