Raddi ga Masu Cewa Sadakar Manoma Neman Suna Ce

Wata magana tana yawo a bakin wasu 'yan boko, wai manoman karkarar Kano ba sa ba da sadaka sai don a gani a yaba, ko a rama musu watarana, ko don tsoron bakin mutane. Maganar ba ta da tushe.

Hujjarsu ta farko ita ce tunda a fili ake fitar da hatsi, to riya ce. Wannan ce mafi rauni. A ƙasar Dawakin Tofa, Bichi, Minjibir da Dambatta, inda gona ke manne da gona, ina manomi zai ɓoye dami? A idon kowa ake girbe gero da dawa, a idon kowa ake kai su rumbu. Kuma abin da ake fitarwa da kaka yawanci zakka ce, farilla mai ƙa'ida: idan amfani ya kai wusuƙi 5, wato sa'i 300, ana fitar da ushiri a noman damina, rabin ushiri a gonar da aka shayar da inji. Shi ya sa manomi ke ware dami ɗaya cikin goma. Aya ta 271 ta Suratul Baƙara ta yaba da bayyana sadaka, ta kuma nuna ɓoyewa ta fi. Riyar da aya ta 264 ta zarga kuwa aikin zuciya ce. Wa ya tsaga ƙirjin manomi ya gani? Abin takaici ne a yanke wa dubban mutane hukunci da zato.

Ta biyu, wai sadaka bashi ce. Nan sun haɗa biki da sadaka. Gudummawar biki ana riƙe lissafinta, ana kuma ramawa. Amma almajirin da aka zuba wa tuwo da dare, ko makahon da aka miƙa wa kwanon dawa, da me za su rama? Mai bayarwa lada yake nema a wurin Allah.

Ta uku, tsoron baki. Lalle ba mai son a kira shi marowaci, amma wannan bai bayyana hatsin da ake aika wa maƙwabci a asirce a tsakiyar damina ba.

Dalilan da manoma ke ambata sanannu ne: sauke farali, neman lada, riƙon zumunci, da neman tsari daga masifa.