Digiri na biyu ba rawani ba ne

Jama'a, wannan makon ƙorafinmu a kan shawarar da ake ba ƙannenmu ne, waɗanda ke son Fiziks da injiniyanci lokaci guda. Da yaro ya ce yana son ya gane yadda hasken rana ke zama lantarki, kuma yana son ya haɗa na'urar da hannunsa, sai a ce ruwan ido ya kama shi. A majalisun Kwaciri amsar guda ce: ka bi inda za a kira ka Injiniya, Fiziks ƙarshenta alli da allo. Mun ƙi wannan magana.

Mai faɗinta ya ɗaga kai ya dubi rufin Kasuwar Sabon Gari, inda tun 2018 aka fara ba shaguna wutar sola. Yadda silikon ke sakin lantarki idan rana ta doke shi, Fiziks ne tsantsa. Inbata da batir da lissafin abin da kowane shago zai ja, aikin injiniya ne. To, ƙurar hunturu ta lulluɓe farantin, zafin Afrilu ya rage masa ƙarfi, ya kuma cinye kwanan batir. Wa za a kira? Wanda ya san ɓangare ɗaya zai canza kaya ne kawai, baɗi a sake kiransa.

Kuma wuraren karatun ba a Turai kaɗai suke ba. A Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya akwai cibiyar CERT mai ƙaramin injin nukiliya na bincike, NIRR-1, da ya fara aiki a 2004. Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da cibiyar binciken makamashi a Sakkwato. Nan BUK ma akwai sashen mekatroniks.

Ba mu ce zancen muƙami wasa ne ba. Hukumar COREN ce ke yi wa injiniya rajista, don haka mai wannan buri ya tambaye ta kafin ya biya ko sisi, kada sunan kwas ya ruɗe shi. Mu 'yan poli abin ya fi shafa: shekara biyar daga ND zuwa HND, sannan a ce sai ka yi PGD kafin a buɗe maka ƙofar mastas. Wanda ya sha wannan hanya bai kamata ya zubar da ƙarin shekaru don kawai a kira shi da wani suna a katin ɗaurin aure ba.

Kafin ka sayi fom, ɗan'uwa, ka taka zuwa sashen da ƙafarka. Ka ce a buɗe maka ɗakin gwaje-gwaje, ka ga ko na'urorin na tashi. Ka nemi ɗaliban malamin da zai duba aikinka, ka ji a kan me suka yi bincike, kuma shekara nawa suka kwashe kafin ya sa musu hannu.