Ƙaro ilimin jinya: wa zai komo Tirmini?

Duk wanda ya san tarihin Damagaram ya san Tirmini. A nan ne dakarun Sarki Amadu Kuran Daga suka kara da sojan Faransa a watan Yuli na 1899, suka sha kashi, ba don rashin zuciya ba, sai don abokan gaba sun fi su makami da horo. Yau garin yana nan bisa babbar hanyar da ta taso daga Damagaram zuwa Takeita da Maraɗi, kuma abokan gabansa su ne zazzaɓin damina da tamowa da sankarau da wahalar haihuwa. Mai tare su a sahun gaba shi ne malamin jinya, wanda jama'ar karkara ke kira likita, domin sau da yawa ba su ganin wani likitan bayansa.

A gidan likita na ƙauye, wato CSI, malamin jinya ne ke duba marar lafiya, shi ke rubuta magani, shi ke yin rigakafi, shi ke cika rahoton wata, shi ne kuma ke yanke shawarar ko mai naƙuda za ta kwana nan ko a garzaya da ita birni. Tun da gwamnati ta ɗauke kuɗin maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 a 2006, layin da ke ƙofarsa ya ƙara tsawo. Annobar sankarau da ta ɓulla a jihar Damagaram ƙarshen 2022 ta nuna cewa idon da ya fara ganin cuta shi ke ceton gari. Mutumin da ke ɗauke da wannan nauyi ya cancanci ilimin da ya wuce na shekara 3 da ya samo a makarantar ENSP.

Hanyar ƙaro ilimin tana nan, amma tana da gargada. Mai digirin lisans da ke son mastar, ko ƙwarewa a fannin sa barci wurin tiyata, ko lafiyar al'umma, ko koyar da ɗalibai, yawanci sai ya nufi Yamai, inda cibiyar ISP take, tafiyar wajen kilomita 900. Jami'o'in Kano da Zariya sun fi kusa, kuma suna koyar da ilimin jinya mai zurfi, sai dai da Ingilishi ake karatun. In ma'aikacin gwamnati ne, dole ya ci jarrabawa, ya jira iznin tafiya karatu. In ɗan kwantiragi ne, ranar da ya bar aiki ranar ce tukunyar gidansa za ta huce. Mace kuwa tana da ƙarin tambaya: wa zai riƙe mata yara shekara biyu?

Babbar matsalar tana bayan kammalawa. Wanda ya sha wannan wahala ya samo takarda, da wuya ya waiwayi ƙauyen da ya baro. Ofishin minista na kiransa, ƙungiyoyin agaji na kiransa da albashi mai tsoka, asibitocin kuɗi na birni na kiransa. Ba laifinsa ba ne shi kaɗai, domin ba a tanadar masa kujerar da ta dace da iliminsa a gunduma ba, kuma kowa ya san ruwa ba ya tsami banza. Ta haka ƙaro ilimi ya zama ƙofar fita daga karkara: ƙauye ya reni ma'aikaci, birni ya ci moriyarsa.

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta a 2020 cewa duniya na da giɓin ma'aikatan jinya miliyan 5.9, mafi yawansa a ƙasashe matalauta. Ke nan babu wata ƙasar da za ta aiko wa Tirmini ƙwararre. Sai wanda aka horar a gida, aka kuma riƙe shi.

Gyaran ba ya bukatar mu'ujiza. Na farko, wurin zaɓen masu tafiya karatu a fifita wanda ya yi shekaru a ƙauye bisa wanda bai taɓa barin birni ba. Na biyu, kada a saki ma'aikaci sai an turo madadinsa. Na uku, a rubuta alkawari cewa zai komo gundumarsa ya yi wasu shekaru, gwamnati kuma ta ba shi muƙami da kayan aiki. Na huɗu, Jami'ar André Salifou ta Damagaram, wadda ke da sashen kimiyyar lafiya, ta haɗa kai da ENSP a kawo wannan karatu kusa, yadda uwar 'ya'ya za ta yi shi ba tare da ta watse gidanta ba.

Attajiran kasuwar Dole su ma suna da rabo a ciki. Mai gina masallaci da haƙa rijiya yana iya ɗaukar nauyin karatun ɗiyar garinsu, bisa sharaɗin ta komo. Ranar da naƙuda ta yi gardama cikin dare a Tirmini, ba a tambayar ɗiyar wa ce a kwance. Ana tambayar wa ya iya aikin.