Baƙin Rinin Lalle Ba Abin Ajiyewa a Ɗaki Ba Ne

'Yan'uwa mata na Aljirif, ana ta biki, ana ta ƙunshi. Amma baƙin rinin nan da ake haɗawa da lalle, wanda ake kira sibga a kasuwa, guba ne.

Tun a 1983 Dakta Salma Sulaiman da abokan aikinta a Khartum suka rubuta yadda shan wannan rini yake lalata ƙoda. Cibiyar ƙoda da ke ɗauke da sunanta shaida ce ga aikinta. A ganinmu, amfanin bincikenta bai cika ba sai ya shigo ɗakunanmu.

Yaro mai galahanga yakan kai abin da ya tsinta baki, kuma ba lallai ya iya faɗin abin da ya haɗiye ba. In kin ga fuska, harshe ko wuya sun kumbura, ko fitsari ya yi baƙi, ki garzaya asibiti nan take. Babu makarin gubar nan, kuma tun yaƙin 2023 wankin ƙoda ya yi wuyar samu.

Lalle zalla ya isa ado. Allah ya tsare mana 'ya'yanmu.